Sao Tome: Tsibirin Da Dutse Ke Tsara Wa Baƙo Tafiyarsa

Idan ka ga Bahaushe ya ɗauki fasfo, yawanci ɗaya cikin abubuwa huɗu ne ya tashe shi: aikin Hajji ko Umara, fatauci, karatu, ko neman magani. 'Yan kaɗan da ke fita da sunan hutu kuma akasarinsu Dubai suke nufa, ko Alƙahira, ko Istambul, inda rabin kwanakin ke ƙarewa a kantuna, a dawo gida da akwatuna cike da tsaraba da jiki a gajiye. Ban ga laifin wannan ba. Amma akwai tafiyar da ake yi don ido ya ga halittar da bai taɓa gani ba, kuma ga mutumin da ya tashi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin tamu, inda kake hango gari tun kana nesa da shi, babu abin da ya kai tsibirin dutse mai aman wuta baƙunta. Wanda ya yi niyyar irin wannan hutu karo na farko, shawarata gare shi ita ce ya fara da Sao Tome.

Dalilina na farko kusanci ne. Tsibirin yana cikin Mashigin Tekun Gini, kudu da gaɓar Nijeriya, yamma da Gabon, daf da layin ikwaita. Shi da ƙanensa Principe ne suka haɗu suka zama ƙasa ɗaya, wadda ta karɓi 'yancin kai daga Fotugal ranar 12 ga Yuli, 1975. Mutanen ƙasar gaba ɗaya sun ɗan haura 200,000, wato ba su kai yawan jama'ar wasu ƙananan hukumomi na cikin birnin Kano ba. Tsakaninmu da su har da yarjejeniyar haƙar mai a teku ta 2001, wadda ta ba Nijeriya kashi 60, su kuma kashi 40. Duk da haka da wuya ka sami ɗan kasuwar Kantin Kwari da zai iya nuna maka wurin a taswira, alhali ya san lungunan Guangzhou.

Dangantakar ma ta wuce ta takarda, don a ƙarƙashin ƙasa take. Akwai jerin duwatsu masu aman wuta da masana ke kira layin Kamaru, tsawonsa kusan kilomita 1,600. A tudu ya haɗa da tsaunukan Biyu a jihar Borno da na Adamawa, ya gangaro ta Dutsen Kamaru, sannan ya faɗa teku ya ci gaba da ɓullowa a matsayin tsibirai: Bioko, Principe, Sao Tome, Annobon. Mutumin Biyu da ya saba ganin baƙaƙen duwatsu a gonarsa, idan ya sauka Sao Tome zai tarar da 'yan uwansu a bakin teku, raƙuman ruwa na dukansu. Mai fargabar aman wuta kuwa ya kwantar da hankalinsa. Dutsen Kamaru ya yi amai a 1999 da 2000, amma na Sao Tome bai motsa ba tun da mutane suka fara zama a kansa fiye da shekara 500 da suka wuce.

Abin da nake so mai shirin tafiya ya riƙe tun daga gida shi ne, a irin wannan tsibiri dutsen ne mai gari. Shi yake raba ruwan sama, shi ya shata inda hanya za ta bi da inda za ta tsaya, shi ya ba ƙasar albarkar da ta jawo masu mulkin mallaka. Baƙon da ya tsara kwanakinsa bisa yadda dutsen yake zai huta. Wanda ya zo da jerin wurare ashirin yana so ya zaga su a kwana uku zai ƙare a cikin mota, a jiƙe, yana jin haushin kowa.

Ɗauki ruwan sama. Iska mai ɗauke da danshi tana tasowa daga kudu maso yamma, ta ci karo da tsaunin da ƙololuwarsa ta kai mita 2,024, ta hau sama, ta yi sanyi, ta juye kayanta a gangaren kudu. Can ruwan shekara yakan wuce milimita 5,000. Kafin iskar ta tsallaka arewa ta riga ta bushe, shi ya sa arewacin tsibirin ciyawa ce da itatuwa jefi-jefi. A kusa da wani ɗan lungun teku da ake kira Lagoa Azul za ka ga kukoki tsaye a bakin ruwa, irin kukar da muke miya da ganyenta. Daga nan zuwa kurmin da rana ba ta taɓa ƙasa tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota. Ina ganin wannan kaɗai ya isa dalilin sayen tikiti, musamman ga wanda zai tafi da yara 'yan makaranta, domin abin da malamin labarin ƙasa ke zana musu a allo za su gan shi da ido a wuni guda.

Lokacin zuwa ma ya dace da mu. Raninsu, wanda suke kira gravana, yana kamawa daga Yuni zuwa Satumba, daidai lokacin daminarmu da dogon hutun makarantu. Zafi yana sauka, hanyoyin daji suna bushewa, sauro yana raguwa. Sai dai sararin sama yakan kasance a lulluɓe da gajimare, saboda haka mai neman hoton shuɗin sama irin na kalanda kada ya ɗora rai. Wanda kuma burinsa ya ga kunkurun teku yana fitowa da dare ya haƙa rami ya zuba ƙwai a yashi, sai ya nufi tsakanin Nuwamba da Maris, ya kuma yarda zai sha ruwan sama.

Manyan hanyoyin mota uku ne suka fita daga babban birnin. Ɗaya ta bi gaɓar arewa ta Neves zuwa Santa Catarina ta tsaya. Ɗaya ta yi kudu ta Santana da Sao Joao dos Angolares zuwa Porto Alegre ta tsaya. Ta uku ta hau tudu ta Trindade zuwa Monte Cafe. Babu wadda ta zagaye tsibirin, domin kudu maso yamma kurmi ne da kwazazzabai da suka gagari masu aikin hanya. Daga birni zuwa Porto Alegre bai kai kilomita 80 ba, amma ka ware sa'o'i biyu zuwa uku, saboda lanƙwasa da ramuka da ƙauyukan da hanya ta ratsa tsakiyarsu. Kuskuren da baƙi da yawa ke yi shi ne su kama ɗaki ɗaya a birni su riƙa zuwa suna dawowa kullum. Gara a raba kwanan: biyu a birni, biyu a kan tudu inda ake lulluɓa da bargo da dare, sauran a kudu. Mako guda shi ne mafi ƙaranci, kwana goma ya fi. A ɗauki mota ƙirar jif tare da direba ɗan gari. Kuɗin ya fi na hayar mota kawai, amma direban shi ne tafintanka, don harshen Fotugis ake yi, masu jin Turanci kaɗan ne, Faransanci ma ya ɗan fi shi amfani, abin da zai yi wa 'yan uwanmu na Nijar da Kamaru daɗi.

A hanyar kudu ne, bayan an wuce Angolares an shiga gonakin kwakwar manja, ake cin karo da abin da ya fi komai suna a ƙasar, wato Pico Cao Grande. Dutse ne siriri a miƙe kamar an kafa taɓarya a tsakiyar kurmi, kansa mita 663 daga saman teku. Yadda ya samu abin mamaki ne: narkakken dutse ya daskare a cikin maƙogwaron wani tsohon dutse mai aman wuta, ruwa da iska suka yi ta cin gangar jikin na waje tsawon zamani har ta ƙare, abin da ya daskare a ciki ya rage shi kaɗai saboda ya fi tauri. Sau da yawa hazo yakan rufe kansa. Idan ka iso ka tarar da shi a rufe, ka sa direba ya tsaya a gefen hanya ku jira. Hazon yana yayewa yana dawowa, kuma minti talatin na jira a wurin ya fi duk abin da kake gaggawar zuwa gani a gaba.

Hawan babban tsaunin, Pico de Sao Tome, yawanci kwana biyu ake yi, a kwana a tanti cikin sanyi da laka. Ba na ba sabon shiga shawarar ya gwada. Ya wadatu da tafiyar Lagoa Amelia, wadda ake farawa daga lambun tsirrai na Bom Sucesso, 'yan sa'o'i zuwa da dawowa. Wurin tsohon bakin dutse mai aman wuta ne da ruwa ya cika, ciyawa ta saƙa a kansa har ta yi kauri, idan ka taka sai ka ji ƙasa tana lotsawa. Yana cikin gandun dajin Obo da aka keɓe a 2006, inda ake da tsuntsaye da tsirrai masu yawa da ba a samun su ko'ina a duniya sai a tsibiran nan biyu. Kada a shiga ba ɗan jagora. Hanyoyin suna da santsi, suna kuma rarrabuwa, ga baƙin kumurci a dajin. A sa takalmi mai rufi mai ƙwarin ƙasa, silifa da takalmin zuwa biki su zauna a masauki.

Sai batun teku, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin nan ne haɗarin gaske yake a gare mu. Yawancinmu ba mu iya iyo ba. Wanda ya iya ma a kududdufi ko dam ko gulbi ya koya, kuma Tekun Atlantika wani abu ne daban. Gaɓar tsibirin da aman wuta ya gina ba ta gangara a hankali ko'ina, wani wurin taku biyar kawai ƙasa ta ɓace a ƙarƙashin ƙafarka. Akwai jan ruwa da ke ɗaukar mutum zuwa ciki ko da saman ya yi lif. Baƙaƙen duwatsun bakin ruwa suna da kaifi da santsi. A yawancin gaɓoɓin babu ma'aikacin ceto ko ɗaya. A Boca do Inferno, kusa da Agua Ize, raƙuman ruwa suna kutsawa ta wani matsattsen rami a dutse su yi tsiri sama da ƙara mai firgitarwa. Wuri ne na kallo daga nesa, kuma babu hoton da ya cancanci mutum ya matsa bakinsa. Ƙa'idar mai sauƙi ce: ka tambayi masunta, ka shiga inda ka ga yaran gari suna wanka, kada ruwa ya wuce ƙugunka idan ba ka iya iyo ba, kada kuma ka ɗauke ido daga yaro ko na ƙiftawa. Idan za a tsallaka zuwa ɗan tsibirin Rolas, inda layin ikwaita ya ratsa har aka gina alama, tafiyar kusan minti ashirin ce a ƙaramin jirgin ruwa mai inji. Ka nemi rigar kariya kafin ka sa ƙafa. In babu, ka fasa. Mun binne mutane da yawa a Neja da Kebbi da Sakkwato saboda kwalekwalen da aka shiga ba riga, bai kamata mu kai wannan sakaci ƙasar wasu ba.

Wanda ya je Sao Tome ya tsaya ga yashi da kwakwa kawai ya bar rabin tafiyar a baya. Ƙasar da toka da narkakken dutse suka haifar tana da ƙarfi ƙwarai, kuma wannan ƙarfi ne ya zame wa dubban 'yan Afirka masifa. Lokacin da Turawan Fotugal suka iso wajen 1470 babu kowa a tsibirin. Suka shuka rake, suka yi ta kwaso bayi daga yankin masarautar Benin da Neja Delta da Kwango, har ta kai harshen Forro da ake yi a can yau yana ɗauke da burbushin harshen Edo. A 1595 wani bawa mai suna Amador ya jagoranci tawayen da ya ƙona gonakin rake da yawa kafin a kama shi a kashe, yau kuma gwarzon ƙasa ne da aka sa zanen fuskarsa a takardun kuɗi. Bayan rake ya mutu sai gahawa da koko suka zo a ƙarni na 19, koko irin wanda ake cakulan da shi. A farkon ƙarni na 20 wannan ɗan tsibiri ya kai matsayin wanda ya fi kowace ƙasa a duniya fitar da koko. An soke bauta a takarda, amma aka ci gaba da kawo leburori daga Angola da Mozambik da Kef Bade da sunan kwantiragi, mafi yawansu ba su sake ganin gida ba. Abin ya yi muni har kamfanin Cadbury na Ingila ya daina sayen kokon tsibirin a 1909. A Fabrairun 1953 kuma gwamnan mulkin mallaka, Carlos Gorgulho, ya sa aka kashe ɗaruruwan 'yan ƙasa a abin da ake kira kisan Batepa, wanda har yau ake tunawa da shi kowace ranar 3 ga Fabrairu.

Manyan gandayen koko da gahawan nan, da suke kira roca, suna nan tsaye. Kowanne gari ne sukutum: gidan mai gandu a kan tudu, asibiti, coci, rumfunan shanya koko, ragowar layin dogo, da dogayen ɗakunan leburori a jere. Gwamnati ta karɓe su bayan samun 'yancin kai a 1975, yawancinsu suka lalace, kuma jikokin leburorin nan ne ke zaune a cikinsu. Je ka gandun Agostinho Neto a arewa ka tsaya a gaban tsohon asibitinsa, ko Agua Ize a gabas, ko Monte Cafe inda manoma ke sarrafa gahawarsu da kansu. Ina roƙon mai zuwa ya tuna cewa gidajen mutane ya shiga. Ya yi sallama, ya nemi izini kafin ya ɗaga waya ya ɗauki hoton mace tana wanki ko yaro ba riga. Mu da muka san zafin yadda baƙi ke zuwa su ɗauki hoton almajiranmu su yaɗa a duniya, mu ne ya fi kamata mu kiyaye. Kada a riƙa jefa wa yara alewa ta tagar mota, domin bara ake koya musu. Mai son taimako ya ɗauki matashin wurin ya zaga da shi ya biya shi haƙƙinsa, ya sayi gahawa da cakulan daga hannun ƙungiyoyin manoma, ya ci abinci a ƙananan gidajen abinci na 'yan gari. Kuɗin da aka kashe a babban otal na baƙi kaɗan ne daga cikinsa ke isa ƙauye.

Akwai wani babi na tarihin da ya shafi ɗan Nijeriya kai tsaye. A lokacin yaƙin basasa, daga 1968 zuwa farkon 1970, daga filin jirgin Sao Tome ne jiragen ƙungiyoyin coci-coci ke tashi da dare ɗauke da abinci da magani zuwa filin Uli a yankin Biyafara, aka kuma kwaso yara masu fama da yunwa aka yi jinyarsu a tsibirin. Ko wane ɓangare iyayenka suka tsaya a yaƙin, filin da za ka sauka yana cikin labarin ƙasarka.

Abinci ba zai ba Musulmi wahala ba muddin ya buɗe baki ya yi tambaya. Akasarin mutanen Kiristoci ne mabiya Katolika, Musulmi 'yan kaɗan ne, ana kiwon alade a ƙauyuka, ana kuma shan bammi. Mafita ita ce kifi, ga shi kuwa a wadace, ɗanye daga teku, a gasa maka shi da soyayyar ayaba ko wani ƙaton ɗan itace da ake gasawa a wuta a ci a madadin doya. Shahararriyar miyarsu, calulu, ta ganyaye ce iri-iri da manja da kuɓewa da busasshen kifi, harshen Bahaushe ba zai yi baƙunta da ita ba, sai dai wani lokaci da nama ake yi, don haka a tambaya kafin a zuba. Ka tafi da dardumarka, kada ka dogara da samun masallaci a wajen birni. Alƙibla tana arewa maso gabas, ta fi karkata arewa a kan yadda aka saba a Kano. Agogonsu yana bayan namu da sa'a ɗaya, kuma da yake a kan ikwaita suke, rana tana faɗuwa wajen biyar da rabi na yamma duk shekara, duhu ya rufe nan da nan. Wannan ya shafi sallar Magariba, ya kuma shafi tuƙi: a tashi da asuba, a isa masauki kafin duhu.

Takardu kuwa a gama su tun a gida. Sao Tome ba ta cikin ƙungiyar ECOWAS, saboda haka fasfonmu ba ya buɗe ƙofarta kamar yadda yake buɗe ta Ghana ko Senegal, sai an nemi izinin shiga kafin a tashi. A riƙe katin rigakafin shawara. A ga likita kan maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, a kuma ɗebi duk maganin da ake sha kullum, domin asibitocin ƙasar ƙanana ne, babbar jinya waje ake fita da ita. Kuɗinsu dobra ne, an ɗaure shi da yuro, dobra 24.5 a kan yuro ɗaya. A tafi da yuro a hannu, ƙananan takardu, don kati ba ya aiki a mafi yawan wurare da zarar an bar birni. Jirage sun saba biyowa ta Accra ko Libreville ko Luanda ko Lisbon, ba kullum ake tashi ba, jadawalin kuma yana canzawa, sai a tabbatar da ranar dawowa kafin a biya kuɗin masauki. Kada kuma kusancin ya ruɗi kowa ya zaci tafiyar mai arha ce. Tikitin yana da tsada idan aka kwatanta da gajartar nisan, kayan kanti kusan duk daga waje ake shigo da su. Abin da ke da sauƙi shi ne kifi da 'ya'yan itace da ɗakunan kwana na 'yan gari.

Principe yana da nisan kusan kilomita 150 arewa maso gabas, tafiyar da ba ta kai sa'a ɗaya ba a ƙaramin jirgin sama. UNESCO ta sa shi cikin wuraren da ake kare halittunsu a 2012, kuma a gandun Sundy da ke can ne masanin taurari Arthur Eddington ya ɗauki hotunan kusufin rana na 29 ga Mayu, 1919, waɗanda suka gaskata hasashen Einstein cewa nauyin rana yana lanƙwasa hasken taurari. Wuri ne mai kyau ƙwarai, amma masaukansa sun fi tsada, kujerun jirgin kaɗan ne, kuma yanayi yakan sa a ɗage tashi. Wanda kwana bakwai kawai yake da su ya bar shi sai zuwa na biyu. Wanda yake da goma ko fiye ya ba shi kwana uku, ya kuma dawo Sao Tome aƙalla kwana ɗaya kafin ranar jirginsa na komawa gida.